Me ya sa jarkata ba ta ba da iskar haidurojin?

Ɗan'uwa, ka ce ka haɗa ruwan rake da kashin shanu a jarka can Aliero, iska ta taru amma ba haidurojin ba ce. Mai yiwuwa metan ka samu, wata iska daban mai kama wuta, domin kashin shanu na ɗauke da ƙananan ƙwayoyin halittar da ke cinye haidurojin su mai da ita metan. Ka fara tafasa kashin kamar minti 15. Ƙwayoyin da ke yin metan za su mutu, Clostridium, ƙwayoyin da ke samar da haidurojin, su tsira. Toshe jarkar sosai, oksijin na hana su aiki. pH, wato ma'aunin tsamin haɗin, ya tsaya wajen 5.5, zafi digiri 35 zuwa 37. Da bazarar Kebbi kuwa, sai inuwa. Kada ka gwada iskar da ashana, haidurojin na fashewa, kuma da ƙyar ake ganin harshen wutarta. Tantance iskar sai ɗakin gwajin jami'a.