Amsoshin Tambayoyinku: Daga Kano zuwa Salaga a motar gida, da batun takardun bogi

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan doguwar tafiya a mota, don haka na haɗa su wuri guda. Masu tambayar farashin firiji da injin markaɗe su yi mini haƙuri sai mako mai zuwa.

Wani Alhaji daga Fagge ya rubuto: "Ina son in ɗauki kawuna a Sienna ɗina mu je Kumasi, daga nan mu wuce Salaga inda kakanmu ya yi fataucin goro. An ce sai an sa mota a jirgin ruwa a Yeji. Wace hanya zan bi, kuma waɗanne takardu nake buƙata? Akwai wani yaro da ya ce in ba shi naira dubu 40 ya kawo mini komai har gida, ba sai na je ko'ina ba."

Alhaji, Allah ya ba da ladan zumunci. Batun hanya mai sauƙi ne. Ta arewa, wato Yamai zuwa Wagadugu a sauko ta Paga, ita ce ta fi kama da wadda kakanninmu suka bi da jakuna, amma yau ba ta biyuwa ga mai iyali. Gabashin Burkina Faso na hannun 'yan bindiga, kuma tun 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina suka fita daga ECOWAS, abin da ya sa ka'idar iyaka take iya sauyawa kana kan hanya. Ka bi ta Legas, ka fita ta Seme, ka ratsa Kwatano da Lome, ka shiga Ghana ta Aflao. Ta fi nisa, ta fi cunkoso, amma garuruwa ne a jere, ga bakanike ga asibiti. Iyaka uku ce, kowace da ɓangare biyu, ka ga tsayuwa shida ke nan, kuma kowace tsayuwa da jami'an shige da fice da kwastan da na lafiya. Ka isa kowace iyaka da rana tsaka. Ka kuma mayar da agogonka baya da awa ɗaya da zarar ka shiga Togo, haka zai zauna har Ghana.

Daga Kumasi za ka bi Ejura da Atebubu da Prang ka dire Yeji, bakin tafkin Volta. Nan jirgin fito yake ɗaukar motoci ya tsallakar da su Makango, daga can Salaga ba nisa. Jirgin ba motar tasha ba ne da in ta cika wata za ta ja layi. Sawunsa kaɗan ne a yini, manyan motocin kaya sun riga ka layi, kuma in injinsa ya tsaya sai a kwana ana jira. Ka ware kwana ɗaya cur saboda shi. In ka iske ba ya aiki, akwai titin Techiman da Kintampo zuwa Tamale mai gada a Buipe da Yapei, sai ka gangaro Salaga ta arewa. Ƙarin mai ne kawai. Sannan ka shirya wa kawu zuciyarsa: yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa fatake da yawa zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kumasi, saboda haka dangin da kuke nema suna iya kasancewa a zangon Kumasi, inda za ku fara sauka. Ku fara tambaya a can wurin sarkin zango.

To, yanzu mu zo kan yaron nan mai dubu 40.

Alhaji, kada ka ba shi ko sisi. Na san shi, ko da ban taɓa ganinsa ba. Yana nan gindin bishiya a ƙofar kowane ofishin lasin, da jakar leda a hammata da hatimi uku a aljihu, yana kiran kowa "ranka ya daɗe". Takardar da zai kawo maka za ta fi ta gaskiya kyau, da tambari da sa hannu da sheƙi. Za ta wuce da kai shingen Kwanar Ɗangora, ta wuce da kai Lokoja, domin mai duba ta yana kallon hannunka ne, ba takardar ba. Ranar da za ta ci amanarka ita ce ranar da kake buƙatarta.

Ni ma na sha wannan ruwan, shi ya sa nake ɗaga murya. Shekarun baya na karɓi inshora a hannun irin wannan yaro don ina ƙyashin bin layi. A wani gari a Jamhuriyar Benin na goge wani ɗan acaɓa, ba a ji ciwo sosai ba, fitilar babur ce ta fashe da ƙujewa a gwiwa. Jandarma ya karɓi takardata, ya juya ta gaba da baya, ya buga waya, ya saurara, sai ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun rigarsa ya ce in ba shi makulli. Kwana uku motata tana ajiye a bayan ofishinsu, akuyoyi na kwana a ƙarƙashinta, ni kuma ina kwana a benci a masallacin zango. Na biya babur, na biya magani, na biya tara, na biya mai yi mini tafinta da Faransanci. Abin da na kashe ya ninka kuɗin inshorar gaskiya ban san sau nawa ba, ban da kunyar bugo waya gida a aiko mini da kuɗi.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, ta gaskiyar ba ta da tsada. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar inshora ta NAICOM ta mayar da kuɗin inshorar da doka ta wajabta wa motar gida naira 15,000 a shekara, daga 5,000 da yake a da. Tana biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3, kuma an haɗa ta da katin inshorar ECOWAS da ake kira Brown Card, wanda masu Faransanci ke ce wa Carte Brune. Tsarin katin nan ya samo asali tun 1982, kuma amfaninsa shi ne in ka yi wa wani ɓarna a Togo ko Ghana, ofishin katin na wannan ƙasar ya tsaya a kan maganar diyya, ba a riƙe ka ba. Mutumin da zai zuba man dubu ɗaruruwa a tanki, ya sayi tsarabar turare da yadi, shi ne zai tsaya yana neman ragin dubu goma a kan takardar da za ta hana shi kwana a caji ofis. Duk wanda ya ce zai yi maka inshora a kan dubu uku ko biyar yau, takardar tsire ya sayar maka. Ka je ofishin kamfanin inshora mai rajista da ƙafarka, ka biya a asusun kamfanin, ka ce a ba ka katin ECOWAS ɗin a hannu, domin jandarma ba zai karɓi bayanin cewa "yana ciki" ba. Kafin ka bar wurin ka sa lambar motarka a rumbun bayanan inshora na Najeriya da ake kira NIID ta wayarka. In ba ta fito ba, ba ka da inshora, ko me aka buga a takardar.

Haka katin rigakafin cutar shawara. Ana sayar da na bogi a bakin iyaka kamar ƙosai, kuma mutanenmu na saye don tsoron allura. Allura ɗaya ce, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Ka kai kawu ofishin lafiyar matafiya a yi muku, aƙalla kwana goma kafin tafiya, don sai bayan kwana goma take fara aiki a takarda. Mai sayen katin bogi ya biya kuɗi ne don ya shiga dajin sauro tsirara.

Sauran takardun: fasfo mai sauran kwana, lasin tuƙi na gida da na ƙasa da ƙasa, takardun mallakar mota da sunanka a kai, da izinin gilashi mai duhu in motarka na da shi. A kowace ƙasa kwastan za su ba motar izinin shiga na wucin gadi, lese-fase a Benin da Togo, na Ghana kuma suna ce masa TVI. Wannan a tagar kwastan ake karɓarsa, da rasit. Ka karanta ranar ƙarewarsa tun kana tsaye a wurin, ka kuma tabbata an soke shi ranar fitarka, in ba haka ba a littafinsu motarka tana cikin ƙasar ba a biya mata fito ba. Kafin ka bar gida ka haska fitila ka gwada lambar bodi da ta inji da abin da ke rubuce a takarda, harafi da harafi. Motocinmu da yawa an sauya musu inji a Ƙofar Ruwa ba a gyara takarda ba, kuma a iyaka sunan wannan motar sata. Ka yi kwafi biyar na komai, ka riƙa miƙa kwafi, na ainihi sai an nace.

Wata baiwar Allah daga Zariya ta ce: "Maigida zai kai mu biki Tamale ta wannan hanyar ta Yeji, da yara uku. Tun da na ji maganar ruwa na kasa barci. Ban taɓa shiga jirgin ruwa ba."

'Yata, tsoronki ba abin kunya ba ne, uwa ce ke. Ki kwantar da hankalinki. Jirgin fiton babban dandamalin ƙarfe ne da ke ɗaukar tirela, ba ya rawa irin ta kwalekwale. Haɗarin tafkin Volta yana wurin ƙananan jiragen katako masu lodi fiye da kima, domin lokacin da aka gina madatsar Akosombo a shekarun 1960 ruwa ya shanye daji da itatuwansa a tsaye, kuma kututturansu suna nan ƙarƙashin ruwa suna fasa jirage. Don haka abu ɗaya nake so ki tsaya a kai, cikin ladabi amma ba ja da baya: in babban jirgi ya makara, aka ce ku da yara ku yi gaba a ƙarami maigida ya biyo da mota, ki ce a'a. Ku kwana a Yeji, garin kifi ne, ba za ku kwana da yunwa ba. A cikin jirgi ku fito daga mota, ki riƙe ƙaramin a jikinki, ki duba inda rigunan ruwa suke. In kuma zuciyarki ta ƙi, ki gaya wa maigida akwai titin Kintampo da ke kai wa Tamale kai tsaye, kuma ga mai zuwa Tamale shi ne ma babban titi. Allah ya kai ku lafiya.

Wani matashi daga Sabon Gari yana tambaya ko zai iya cika jarkoki shida da fetur ya ɗaure a saman mota, "don an ce mai ya fi tsada a can".

Ɗan samari, kwastan na Seme sun ga irinka dubu, kuma sunan abin da kake shirin yi fasa-ƙwauri. Ko ka tsallake su, ba mai jirgin fito da ke da hankali da zai so bam a kan dandamalinsa. Ka cika tanki kafin iyaka, ka sha mai a gidan mai. Na kwalba da ke jere bakin titi a Benin, wanda suke kira kpayo, shi ne namu na 'yan bumburutu da ya tsallaka, wani da ruwa wani da ƙasa. Kuɗin jarkokin ka sayi taya. Ka ce tayoyinka "'yan Kwatano ne masu kyau". Ka duƙa ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe a gefensu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2316, an yi ta a mako na 23 na 2016, kuma zanen da ke kanta ba zai hana ta fashewa a zafin titin Lokoja ba. Ka ɗauki safaya biyu, jak mai aiki, abin kashe gobara, akwatin taimakon gaggawa, da alamar tsayawa mai kusurwa uku guda biyu, don su ake fara tambaya in ana neman laifi.

Wani Malam daga Potiskum ya ce yana da niyyar zuwa aikin Hajji a motarsa ta Chadi da Sudan, ya sa ta a jirgi daga Sawakin zuwa Jidda, kamar yadda mahaifinsa ya yi a ƙasa.

Malam, Allah ya karɓi niyya, ya jiƙan mahaifi. Hanyar tana da tarihi, Hausawan Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu da na unguwannin Sudan da yawa shaida ne. Amma tun 15 ga Afrilun 2023 ake yaƙi a Sudan, kuma titin da za ka bi daga Abeche ta Adre zuwa El Geneina ya shigar da kai yammacin Darfur, inda mutane ke gudowa, ba shiga ba. Ko da lafiya lau ake, katin ECOWAS ba ya aiki a Kamaru da Chadi, nasu daban ne, Carte Rose, kuma bizar Hajji ta hannun hukumar alhazai take fitowa, ba a ba mutum don ya zo da motarsa. Ka sayar da motar in ta kama, ka biya kujera.

Na ƙarshe, wani yana tambaya ko zai iya tafiya da motar yayansa, takardu da sunan yayan. Za ka iya, in ka riƙe takardar izini daga gare shi da aka yi rantsuwa a kanta a kotu, da kwafin katin shaidarsa da lambar wayar da zai ɗauka ko da tsakar dare. A sa a fassara ta da Faransanci tun a gida. Ka kuma tambaye shi a ina ya yi inshorarsa.