Shin Obama ya taɓa zama ɗan majalisar jiha?

Tambaya: Assalamu alaikum. Gardama ce ta kaure tsakanina da yayana. Shi ya ce daga koyarwa a jami'a Barack Obama ya wuce majalisar dattawan Amurka kai tsaye, ni kuma na ce sai da ya fara zama ɗan majalisar jiha. Don Allah a raba mana gardama. Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ke ce da gaskiya, amma shi ma yayan naki yana da tasa hujjar, domin Obama ya koyar da dokokin tsarin mulki a Jami'ar Chicago daga 1992 zuwa 2004. Haɗa ayyukan biyu ya riƙa yi.

An haife shi a Hawaii a 1961, mahaifinsa ɗan Kenya ne. Ya yi aikin haɗa kan talakawa a unguwannin kudancin Chicago, sannan ya karanci shari'a a Harvard. A 1996 aka zaɓe shi majalisar dattawan jihar Illinois mai kujeru 59, yana wakiltar mazaɓa ta 13, ya zauna a can daga 1997 har 2004. Shigarsa ma ba ta ruwan sanyi ba ce. Mai riƙe da kujerar, Alice Palmer, ta nemi majalisar tarayya ba ta samu ba, ta dawo neman kujerarta. Mutanen Obama suka ƙalubalanci sa hannun masu zaɓe da ta tattara don a ba ta damar tsayawa takara, dole ta janye. A 2000 shi ma ya gwada majalisar wakilai ta tarayya, mai riƙe da kujerar a lokacin, Bobby Rush, ya kayar da shi warwas a zaɓen fid da gwani, da ƙuri'u kusan ninki biyu.

Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dokar 2003. Illinois ta sha kunya a lokacin: mutum 13 da aka yanke wa hukuncin kisa aka gano daga baya ba a yi musu adalci ba, aka sake su, har gwamna George Ryan ya dakatar da zartar da hukuncin a 2000. Obama ya kawo ƙudurin da ya wajabta wa 'yan sanda ɗaukar bidiyo duk lokacin da suke yi wa wanda ake zargi da kisan kai tambayoyi. Ki duba fa, mutum shi kaɗai a ɗaki da jami'ai, ƙofa a rufe, washegari a fito da takarda a ce ya amsa laifi. Wa ya ga abin da ya faru a ciki?

'Yan sanda da masu gabatar da ƙara suka ƙi da farko. Ya yi ta zama da su, ana ragewa ana ƙarawa, yana nuna musu cewa bidiyon kariya ce a gare su ma, tunda ba mai iya yi musu ƙazafin duka a gaban alƙali. Ranar ƙuri'a ko mutum ɗaya bai ƙi ba a majalisar dattawan jihar. Takaicina shi ne masu ba da tarihinsa kan tsallake waɗannan shekaru takwas, su tafi kan jawabin da ya yi a babban taron jam'iyyar Democrat a birnin Boston a Yulin 2004, alhali ranar da ya hau wannan mumbarin ɗan majalisar jiha ne har lokacin. Sai a Nuwamba ya ci kujerar da yayanki yake nufi.