Amsa: Saniya tana hawan saniya, cuta ce?

Malam, ka tambaya ko abin da ka gani a garkenka a Tawa, wato saniya tana hawan 'yar'uwarta, alamar cuta ce. Ba cuta ba ce. Wadda ta tsaya cik aka hau ta, ita ce ta shiga lokacin neman bijimi, lokacin da yakan dawo kusan bayan kowane kwana 21 matuƙar ba ta ɗauki ciki ba, kuma da wannan alamar ce likitocin dabbobi suke gane ranar da ta dace a kai ta barbara.

Lamarin kuwa bai tsaya ga shanu ba, domin masana sun ga irin wannan ɗabi'a a nau'o'in dabbobi fiye da 1,500, tun daga ƙwari har zuwa birai. Binciken da aka yi kan tumaki a Amurka ya nuna cewa kimanin raguna 8 cikin 100 sun fi karkata ga raguna 'yan'uwansu ko da an kawo musu tunkiya mai neman barbara. Wannan, a ganina, shi ne ya fi shafar makiyayi, tun da irin wannan rago, komai kyan jikinsa, ba zai ƙara masa garke ba. Mazan raƙuman dawa ma, dangin waɗanda ke Kure kusa da Yamai, sukan hau juna bayan sun gama gwabzawa da wuyoyinsu.

Dalilan sun bambanta daga dabba zuwa dabba. A wasu, nuna fifiko ne tsakanin maza. A biran bonobo na Kwango kuwa, musamman matansu, hanya ce ta kwantar da rikici idan an taru kan abinci.