Kun Tambaya, Mun Amsa: Matsalolin Manhajojin Kwamfuta Masu Tagogi da Maɓallai

A wannan fitowar mun zaɓi tambayoyin masu rubuta manhajar da ake girkawa a kan kwamfuta, irin wadda mutum ke buɗe taga ya danna maɓalli ya cike gurbi. Yawancinsu a kan yaren Python da Tkinter, kayan aikinsa na ƙera tagogi, suke, amma dalilan da ke jawo matsalolin iri ɗaya ne a C# da Java da Qt.

Tambaya: Assalamu alaikum Malamai. Na rubuta manhaja da Tkinter mai karanta sakamakon jarrabawa daga fayilolin Excel ta haɗa rahoto. Da zarar na danna maɓallin farawa sai tagar ta yi fari fat, Windows ya rubuta "Not Responding" a samanta. Sandar nuna cigaba ba ta motsi sai aiki ya ƙare, sannan ta cika lokaci guda. Kwamfutar ce ba ta da ƙarfi? — Ɗalibi daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwamfutarka lafiyarta lau, tsarin aikin ne da gyara. Duk manhaja mai taga tana da zare (thread, wato layin aiki mai bin umarni ɗaya bayan ɗaya) guda ɗaya da ke kula da fuskarta. A Tkinter shi ne wanda ke cikin `mainloop()`: yana zagayawa yana ɗauko saƙonni daga layin jira, wannan dannawa ce, wancan motsin linzami ne, wancan kuma umarnin a sake zana taga. Idan ka danna maɓalli, zaren nan ne da kansa ke shiga fankishin ɗinka, kuma ba ya komawa kan saƙonni sai fankishin ɗin ya ƙare. Kamar mai shayi ne shi kaɗai a teburinsa: in ya tafi ɗebo ruwa, duk wanda ya zo sai ya tsaya jira. Windows kuwa in ya ga taga ta yi kamar daƙiƙa 5 ba ta karɓi saƙo ba, sai ya shafa mata farin nan ya ce ba ta amsawa. Sandar cigaban ma ka sauya mata lamba, amma babu mai zana ta.

Maganin shi ne aiki mai nauyi ya koma wani zare, taga ta ci gaba da numfashi. Ka ƙirƙiri `queue.Queue()`. In an danna maɓalli, ka fara da kashe shi da `state="disabled"` don kada mai amfani ya sake dannawa aikin ya tashi sau biyu, sannan ka tayar da `threading.Thread` da zai karanta fayilolin. Duk fayil ɗin da ya gama sai ya jefa labari cikin layin da `put()`. A ɓangaren taga ka rubuta ƙaramin fankishin mai leƙa layin da `get_nowait()`, ya gyara sandar cigaba, a ƙarshensa ya sake kiran kansa da `root.after(100, duba_layi)`, wato bayan milisakan 100. Idan layin babu kome zai tayar da `queue.Empty`, ka kama shi ka wuce.

Doka ɗaya ce ba a karya ta: zaren aiki ba ya taɓa kome na taga. Ba ya sauya rubutun lakabi, ba ya buɗe akwatin saƙo, ba ya motsa sanda. Wanda ya karya ta yakan ga manhaja ta yi aiki yau, gobe ta rufe kanta ba sallama, ko ta ce "main thread is not in main loop". Irin wannan matsalar mai zuwa da tafiya ta fi kowace wuyar kamawa, shi ya sa muke matsa wa masu koyo a kanta tun daga farko.

Akwai tarkuna uku a nan. Kada ka sa `time.sleep()` a zaren taga, daskarewa ce ka saya da kuɗinka. Madadinsa shi ne `after()`. Wasu kan cusa `root.update()` cikin zagayen aiki don sandar ta motsa. Za ta motsa, amma ka buɗe ƙofar da wata dannawa za ta shigo tsakiyar aikin da bai ƙare ba, har a rufe taga alhali kod ɗinka na neman ta. Na uku, kuskuren da ya faru a zaren aiki ba ya isowa taga. Zaren zai mutu shiru, maɓalli ya zauna a kashe har abada. Ka kewaye aikin da `try` da `except`, ka jefa kuskuren cikin layin shi ma, taga ta nuna shi. In kuma kana amfani da ma'adanar bayanai ta SQLite, zaren aiki ya buɗe nasa haɗin da kansa, domin `sqlite3` ba ya yarda a yi amfani da haɗi a zaren da ba shi ya buɗe shi ba.

Masu C# da WinForms su yi `await Task.Run(...)`, in sun ga "Cross-thread operation not valid" dokar nan suka taka, `Invoke` ne hanyar komawa zaren taga. A Java Swing akwai `SwingWorker` da `SwingUtilities.invokeLater`. A Qt kuma `QThread` ne da siginoni.

Tambaya: Abu biyu ke damuna. Maɓallina yana yin aikinsa tun manhaja na buɗewa, kafin in danna, daga baya kuma ko na danna shiru. Sannan tambarin makaranta da na sa a taga ba ya fitowa, sai farin fili daidai girmansa. — Malamar kwamfuta daga Katsina

Amsa: Malama, na farkon baka biyu ne suka jawo shi. Kin rubuta `command=ajiye()`, wato kin kira fankishin ɗin nan take, abin da ya mayar, galibi `None`, shi aka ba maɓalli. Ki cire bakan: `command=ajiye`. In sai kin miƙa masa wani abu, `command=lambda: ajiye(suna)`. Ki kula idan a cikin zagaye kike ƙera maɓallai da yawa: `lambda: buɗe(i)` zai sa dukkansu su yi aiki da lambar ƙarshe, domin sai lokacin dannawa ake duba `i`. Ki ɗaure kowanne da tasa lambar: `lambda i=i: buɗe(i)`.

Hoton kuma Python ne ya share shi. Kin ƙirƙiri `PhotoImage` cikin fankishin, fankishin ya ƙare, babu sauran sunan da ke riƙe da hoton, sai aka kwashe shi daga ƙwaƙwalwa duk da lakabin na nuni gare shi. Ki ƙara layi ɗaya, `lakabi.image = hoto`, ko ki adana shi a `self.hoto`.

Tambaya: Manhajar rajistar marasa lafiya nake yi wa wani ƙaramin asibiti. Sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ da ƴ suna ba ni wahala. Wani lokaci adanawa ta ƙi, wani lokaci Ɗanladi ya dawo da wasu alamomi marasa kan gado, wani lokaci kuma sai ɗan akwati a madadin harafin. — Mai karatu daga Maraɗi

Amsa: Ɗan'uwa, cuta uku ka lissafa, kowace da maganinta, kuma alamar da ka gani ita ke faɗa maka wacce ce.

Ƙin adanawa da `UnicodeEncodeError` daga `open()` yake. In ba ka faɗi tsarin haruffa ba, Python a kan Windows yakan ɗauki na kwamfutar, wanda a injinan da aka saita da Turanci ko Faransanci cp1252 ne. Tsarin nan na baiti ɗaya ne ga kowane harafi, gurabe 256 kawai, an cike su da haruffan Yammacin Turai. Yana da é da ç na Faransanci, shi ya sa sunayen da aka rubuta da Faransanci ke wucewa lafiya, amma babu ƙ, babu ɗ, babu alamar naira ₦. Ko da yaushe ka rubuta `encoding="utf-8"`, wajen karantawa da wajen rubutawa.

Alamomin marasa kan gado na nufin an adana daidai, wajen karantawa aka kuskure. A UTF-8 harafin ƙ baiti biyu ne, C6 da 99. Mai karantawa da cp1252 zai ɗauke su haruffa biyu, ya nuna Æ™. Haka ɗ ke komawa É tare da dogon layi. Bayananka ba su lalace ba muddin ba a sake adana fayil ɗin a wannan halin ba, don haka kada kowa ya danna adanawa sai an gyara. Excel ya shahara da wannan idan aka buɗe CSV da danna sau biyu. Ka fitar da fayil ɗin da `encoding="utf-8-sig"`, wanda ke sa baiti uku a farkon fayil da ke sanar da Excel tsarin da aka bi. Idan MySQL ne a bayan manhajar, teburi da haɗin duka su kasance `utf8mb4`.

Ɗan akwatin kuwa ba ruwansa da adanawa. Harafin na nan, fontin da ka zaɓa ne ba shi da zanensa. Ka gwada Noto Sans, ko Andika da Charis na SIL, waɗanda aka tsara da harsunan Afirka a zuciya. Ka gwada manya da ƙanana duka, Ƙƙ Ɗɗ Ɓɓ Ƴƴ, a kan allo da kuma a takardar da firinta ta fitar, domin rahoton PDF yakan yi amfani da fonti dabam da na taga.

Abin da ba ka tambaya ba amma zai same ka shi ne bincike. Ma'aikaci ɗaya zai rubuta Ɗanladi, wani Danladi, wani 'Danladi, kuma a Najeriya 'y ake rubutawa inda Nijar ke sa ƴ. Kada ka tilasta wa sunan mutum ya rasa lanƙwasarsa. Ka adana shi yadda yake, ka ƙara wani ginshiƙi na bincike kawai, inda ka mayar da ƙ zuwa k, ɗ zuwa d, ɓ zuwa b, ƴ zuwa y, ka cire alamar ɗauri. Da hannunka za ka rubuta wannan musayar, domin `unicodedata.normalize` da ke raba é zuwa e da alamarta ba ya raba waɗannan haruffan. A asibiti wannan ba ado ba ne: mara lafiya ɗaya da kati biyu haɗari ne.

Tambaya: Na mayar da manhajar lissafin shago fayil ɗin exe da PyInstaller. A kwamfutata tana aiki, a ta mai shagon ko buɗewa ba ta yi. A wata kwamfutar ta buɗe, amma kullum aka rufe ta sai cinikin ranar ya ɓace. — Matashi daga Kano

Amsa: Mu fara da ɓacewar ciniki, ita ce mai tsada. Zaɓin `--onefile` yana kwance kayan manhaja cikin folda ta wucin gadi duk lokacin da aka buɗe ta, adireshin na cikin `sys._MEIPASS`, kuma ana share foldar idan an rufe. In ma'adanar bayananka a can take, kowace safiya sabuwa fil za a samu. Hotuna da gumaka ne ake karantawa daga can, bayan ka shigar da su da `--add-data`. Abin da manhaja ke rubutawa kuwa ya tafi foldar da `os.environ["APPDATA"]` ke nunawa, ka buɗe ƙaramar folda da sunan manhajarka a ciki. Kada ka sa shi a Program Files, mai amfani na yau da kullum ba shi da izinin rubutu a can. Kada kuma ka dogara da gajeren adireshi irin `"kaya.db"`, domin ma'anarsa na sauyawa gwargwadon inda aka tayar da manhajar.

Ƙin buɗewa kuma sai ka ga kuskuren kafin ka san maganinsa. Zaɓin `--windowed` yana ɓoye baƙar tagar da kuskure ke fitowa. Ka sake ginawa ba tare da shi ba, ka tayar da exe ɗin daga cmd a kwamfutar mai shagon, ka karanta abin da ya fito. Ka duba Windows ɗin da ke kanta. In Windows 7 ne, Python 3.8 ne na ƙarshe da ke aiki a kansa, daga 3.9 sai sabbin Windows. Qt 6 ma ba ya tafiya a Windows 7. Abin da aka gina da Python mai bit 64 ba zai tashi a Windows mai bit 32 ba, amma na 32 yana tashi a duka biyun. Mu dai mun fi son `--onedir`, mai barin kayan manhaja a fili cikin folda ɗaya, ga manhajar shago: ta fi saurin buɗewa a tsohuwar kwamfuta tun da ba sai an kwance kaya kullum ba, kuma ka ga kowane fayil da idonka. Ka sa `logging` ya riƙa rubuta kurakurai a fayil, ka ɗaura shi a `root.report_callback_exception`, yadda in mai shago ya kira ka za ka ce ya turo fayil ɗin ta WhatsApp maimakon ka hau adaidaita zuwa kasuwa.

Tambaya: A kwamfutata taga tsaf, a wata kuma rubutu ya yi dishi-dishi, maɓallin ƙasa ya faɗa wajen allo. — Mai karatu daga Kumasi

Amsa: Ka jera kaya da `place()` da lambobin da suka dace da allonka kaɗai. Ƙananan kwamfutocin hannu da yawa 1366 sau 768 ne. Ka koma `grid()`, ka sa `sticky="nsew"`, ka ba layi da ginshiƙin da kake son su miƙe `weight=1`. Kada ka haɗa `pack` da `grid` cikin firam ɗaya, Tk zai ƙi. Dishi-dishin daga girmamawar allo ne: kashi 100 ɗigo 96 ne a inci, kashi 150 ɗigo 144, kuma manhajar da ba ta sanar da Windows ta san da wannan ba sai ya miƙe ta kamar hoto. Kafin ka ƙirƙiri `Tk()` ka kira `ctypes.windll.shcore.SetProcessDpiAwareness(1)`, cikin `try`, domin daga Windows 8.1 aka fara samunsa.

Tambaya: An ɗauke wuta ana cikin adanawa, fayil ɗin JSON na bayanan ɗalibai ya dawo babu kome a ciki. — Malami daga Gusau

Amsa: Malam, `open(fayil, "w")` yana share tsohon abin da ke ciki tun kafin ya rubuta harafi ɗaya na sabo, kuma a wannan tsakanin wutar ta tafi. Ka rubuta sabon a wani fayil na wucin gadi cikin folda ɗaya, ka kira `flush()` da `os.fsync()` don ya sauka kan faifai da gaske, ka rufe shi, sannan `os.replace()` ya ɗora shi a kan tsohon. In wuta ta tafi kafin matakin ƙarshe, tsohon na nan lafiya. Idan bayanan sun kai ɗaruruwan ɗalibai, ka bar JSON ka koma SQLite, wanda ke zuwa tare da Python. Duk sauyin da ba a kai ga `commit()` ba yana warware shi da kansa idan aka sake buɗewa, da taimakon ɗan fayil mai ƙarewa da `-journal` da yake ajiyewa kusa da ma'adanar. In ka gan shi bayan ɗaukewar wuta kada ka goge shi, ka buɗe manhajar kawai ta yi amfani da shi. Wajen kwafin ajiya zuwa filasha kuma ka yi amfani da `backup()` na `sqlite3` maimakon kwafe fayil ɗin yayin da manhaja ke buɗe.