Amsa: daga ina manyan taurari masu zafi ke samo hasken eksire?

Malam, tambayarka tana kan hanya. Ka ce tauraro ajin O, wato irin manyan taurarin nan masu tsananin zafi, zafin samansa bai wuce digiri 30,000 zuwa 50,000 ba, to ta yaya zai fitar da hasken eksire, irin na ɗaukar hoton ƙashi, wanda sai an kai miliyoyin digiri? Gaskiya ne, saman tauraron ba zai iya ba, kuma irin waɗannan taurari ba su da korona, wato zazzafan gas ɗin da ke kewaye da Rana, da za a ce daga can ne.

Abin yana cikin iskarsu ne, wato gas ɗin da ke kwarara daga jikinsu. Haskensu yana da ƙarfi sosai har yana tura gas waje da gudun kilomita 2,000 zuwa 3,000 a sakan ɗaya, amma fa turin ba ya tafiya daidai, wani ɓangaren ya fi wani gudu, sai na baya ya afka wa na gaba, wannan karon shi ke dafa gas ɗin ya kai miliyoyin digiri. Tauraron ɗan'adam Einstein da aka harba a 1978 shi ya fara gano cewa waɗannan taurari suna fitar da eksire, kuma eksiren ɗan kaɗan ne, kamar kashi ɗaya cikin miliyan 10 na duk hasken tauraron.

Ni inda ya fi burge ni shi ne in taurari biyu ne suna zagaya juna, iska ta haɗu da iska gaba da gaba, Eta Carinae ke nan, duk shekara 5 da rabi eksirensa yana hauhawa sannan ya faɗi kwatsam. Tauraron Theta-1 Orionis C kuma maganaɗisunsa ne ke lanƙwasa iskar da ke fitowa daga ɓangarorinsa biyu ta yi karo a tsakiya.