Kada Baba ya sayar da filin

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce wani mai ba da shawara kan neman jami'a ya yi maka alkawarin gurbi a Harvard ko Yale in an biya shi da dala, har Baba na tunanin sayar da filinsa. Don Allah ka lallaɓa shi ya dakata.

Cikin mutum 100 da ke neman Harvard, waɗanda ake ɗauka ba su kai 5 ba. Babu mahaluƙin da ke riƙe da gurbi a aljihu. Wanda ya yi wannan ciniki a nan Amurka, Rick Singer, asirinsa ya tonu a 2019, ya ƙare a kurkuku, haka ma wasu iyayen da suka biya shi.

Ba na cewa duk masu shawara macuta ne. Na kirki zai taya ka zaɓen makarantu, ya riƙa tuna maka ranakun rufewa: 1 ga Nuwamba ga masu saurin nema, farkon Janairu ga saura. Amma wannan duk EducationUSA, sashen gwamnatin Amurka mai ba ɗalibai shawara kan karatu a Amurka, na yin sa a ofishin jakadancin Amurka da ke Abuja, ba sai an sayar da fili ba.

Inda nake jin tsoron mutumin naka shi ne rubutun bayanin kai mai kalmomi 650 na Common App, wato shafin intanet da ake neman jami'o'in Amurka da yawa ta cikinsa. Zai ce ka kawo ya rubuta maka. Masu tantancewa sun karanta dubbai, da ganin Turancin haya sun gane. Ka ba su labarin yadda kake riƙe wa Baba lissafin shago tun kana aji 3, da bakinka. Sannan ka zauna da malaman da za su rubuta maka takardar shaida. Nawa malamin layi biyu ya rubuta, wai ni yaro ne mai ladabi, shi ke nan. Har yau abin na ba ni dariya da takaici.

Batun kuɗi kuwa, Harvard, Yale, Princeton, MIT da Amherst ba sa duba talaucinka wajen ɗauka, ko da kai baƙo ne, kuma in sun ɗauke ka sukan cike abin da gidanku ya gaza. Duk da haka Common App ya ba ka damar makarantu 20, kada ka cika su da manya zalla.

Ka yi rajistar SAT, jarrabawar neman shiga jami'a a Amurka, tun yanzu, MIT da Harvard sun dawo da ita. Turo min sakamakon WAEC ɗinka da rubutunka na farko, in duba ranar Asabar. Ka gaida Umma.