Shin Cocin Katolika tana goyon bayan tilasta inshorar lafiya?

Ɗan'uwa, ka ce abin da ya dame ka shi ne a riƙa cire maka kuɗi duk wata don a yi wa wani magani, kai kuwa lafiyarka ƙalau, kuma kana tambaya ko Cocinmu ta yarda da haka.

Coci ba ta zaɓa wa gwamnati tsari, amma matsayinta kan magani a fili yake. A 1963 Paparoma John na 23, a wasiƙarsa Pacem in Terris, ya jera kula da lafiya tare da abinci, sutura da muhalli cikin haƙƙoƙin kowane ɗan Adam. Haƙƙi, ba sadaka ba. Abin da Coci ke kira "amfanin kowa" kuma yana nufin a gyara zaman jama'a yadda talaka ma zai rayu da mutuncinsa.

Ni na gani da idona a wani asibiti nan Katsina. Wani manomi ya kawo matarsa tana naƙuda, aka ce sai tiyata. Ya fita da takardar kuɗi a hannu neman mai sayen akuyarsa, ita tana kwance a benci tana riƙe da hannun surukarta. Har yau abin na ci mini rai.

Dokar inshorar lafiya ta Najeriya ta 2022 ta wajabta rajista, ta kuma tanadi asusu don marasa ƙarfi. Gudummawarka, in an riƙe amana, irin wannan matar take tsamowa. Sai dai Coci ba ta yarda a biya zubar da ciki da kuɗin ba, kuma haƙƙinka ne ka bibiyi inda ake kai shi.